Jakin da Bai Ji Ƙasa Ba

Ran nan ina zaune a zaure ina fere karan ɗori, sai samarin unguwa suka shigo suna dariya, sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Suka miƙo mini suka ce, "Baba Sani, kalli waɗanda suka huta." Na karɓa na matso da ita kusa da ido. Mutane ne a cikin jirgin da ke zagaya duniya a can sama, suna yawo a iska kamar audugar rimi, babu mai taka komai. Ɗayansu ya saki cokali, cokalin ya tsaya cak a gaban hancinsa. Wani cikin samarin ya ce da za a kai shi can, da ya rabu da ciwon baya har abada. Wani kuma ya dubi karan da ke hannuna ya ce ai ɗori ma iyakarsa ke nan, a ɗaure ƙashi, a hana shi ɗaukar nauyi, sauran na Allah ne. Ya ce shi ma da zai samu tsumma da kara, da tuni ya buɗe zaurensa.

Ban yi fushi ba. Yaran yanzu duk abin da suka gani a hannun tsoho, gani suke sauƙinsa ne ya sa aka bar masa. Na ce su samu wuri su zauna. Abin da na gaya musu shi ne wannan.

Aikin farko da mahaifina ya ba ni ba mutum ba ne, ƙafar akuya ce. Ya karɓo ta wajen mahauci, ya buga mata taɓarya, ya naɗe ta da tsumma, ya ce in rufe ido in gaya masa yadda ta karye. Na lalluba na ce a tsaye. Ya kwance, ashe a karkace ne. Kashegari ya kawo wata. Haka muka yi ta yi har mahaucin ya fara yi mana kallon mayu. Da haka yatsuna suka koyi bambanta targaɗe da gocewa, da tsagewa da karaya, da ƙashin da ya dagargaje wanda ba a ja. Kayan aikinmu ba su da yawa: karan dawa mai ƙwari ko gora da aka tsaga, a saƙa su da zare kamar ƙaramin asabari, sai tsumma mai laushi, man shanu, ruwan ɗumi da igiyar rama. Duk za su shiga ƙwarya ɗaya, shi ya sa ake raina su.

Muna ɗora mutane, yaron da ya faɗo daga mangwaro, mai keken da ya afka rami, tsohuwar da santsin bakin rijiya ya kwashe. Amma a ƙauyukan da ke kewaye da Dawakin Tofa an fi sanin gidanmu da jakuna. Ku da kuka taso da buhun takin zamani ba za ku gane ba. Ƙasarmu a matse take, gona tana jikin gona, babu wadda ake bari ta huta ko da damina ɗaya. Abin da ke riƙe ta shi ne taki. Da rani jaki zai shiga birni da itace ko kara, ya dawo da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a jibge a gona tuli-tuli. Gonar da ta rasa wannan, ƙuduji ne ke gadonta, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse gero tun daga saiwa. Kuma maraƙi in ya karye a kira mahauci, a rage asara. Jaki ba a cin namansa. In ya karye, ko dai a kira mu ko a ja shi bayan gari a bar wa ungulu.

Wahalar jaki ita ce ba ya jin magana. Mutum za ka ce masa ya kwanta, ya kwanta. Jaki kana gama ɗauri zai miƙe ya tumurmusa aikinka. Saboda haka muke yi masa abin da muke kira lilo. A kafa gwafa huɗu, a gitta azara a kai, a zagaya buhun algarara ta ƙarƙashin cikinsa, a ɗaure bakin buhun a jikin azarar, buhun ya ɗauke masa yawancin nauyinsa. Idan an gama, mahaifina yakan durƙusa ya gwada cusa tafin hannunsa a ƙarƙashin kowane kofato. In hannun ya wuce, sai an sassauta igiya. Yakan ce, "Kofato ya ji ƙasa." Bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don a zamaninmu ba a tambayar uba dalili. Mutanen gari kuwa sun sa maganar a layin camfin maɗora, tare da tofin da muke yi a kan tsumma kafin mu naɗa.

Wata mummunar shekara ta zo bayan rasuwar mahaifina, zauren yana hannuna. Cutar bushiya ta fara share shanu, sannan ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Muka zuba wa gabas ido har ganye ya naɗe. A kasuwar Dawanau hatsi na nan jibge, amma sai dai ka kalla ka wuce. Aka koma tafasa da rama da ɗan garin rogo. Jakuna suka fara faɗuwa a kan hanyar birni da kayansu a baya, mai su ya kwance mangala ya saɓa a kafaɗa ya yi gaba.

A wannan shekarar Inna Kande ta aiko a kira ni. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu a nesa. Abin da ya rage mata gonar bayan gida ce, wadda suka noma ita da marigayin tun tana amarya. Ƙanin mijinta, Malam Garba, ya ce ta bar masa gonar ya haɗa da nasa, shi zai ciyar da ita. Ba da mugunta ya faɗa ba, tsoronsa kada gonar gidansu ta mutu. Ita kuwa ta ce tana so ta ci daga hannunta. Suka daidaita a gaban dattawa cewa muddin tana iya kai wa gonar taki duk shekara, tata ce. Tana da macen jaki da wani maƙwabci ke haɗawa da nasa ya shiga birni, ya kawo mata rabonta. Yunwa ta kashe uwar, ta bar ɗanta baƙi da bai daɗe da fara cin ciyawa ba. Inna Kande tana kiransa Duna. Shi ne ya hango ɗan kore a gindin busasshen kududdufi, ya gangara, gefen ya rufta da shi.

Na same shi kwance a tsakar gidanta, ƙafar baya ta hagu tana reto daga ƙwauri. Na shafa. Karaya ce a karkace, amma ƙashin bai huda fata ba. Maza biyu suka danne shi, na ja, na ji bakin ƙashin ya koma mazauninsa, na shafa mai, na naɗa tsumma, na zagaya kara, na ɗaure. Muka kafa lilo a inuwar rumbunta wanda babu komai a ciki. Na durƙusa na gwada kofato huɗun da tafin hannu kamar yadda aka koya mini.

Ta tsaya a kaina ta ce, "Sani, zai tashi?"

Na ce, "Da yardar Allah, Inna. Ƙashin yaro ne, ba ya wuyar kamawa. Baɗi war haka yana ɗaukar rabin mangala."

"To me zan yi masa?"

"Ki ba shi abin da ya samu. Ki riƙa duba bakin buhun kada ya ci masa fata. In watan nan ya mutu, na gaba ya raba, ki sa a kwance shi. Amma abu ɗaya, kofato ya ji ƙasa. Kullum."

Ta ce, "Kullum. Na riƙe."

Ba a daɗe ba na bi mazan garin cin rani kudu, don nawa rumbun ma fayau yake. Muka yi dako, muka yi haƙar masai, abin da aka samu a aiko gida. Mun tafi da niyyar ɗan lokaci, sai da hadari ya fara haɗuwa muka dawo.

Kashegarin dawowata na yi sallama a gidan Inna Kande. Na zaci zan ga Duna yana tsalle a tsakar gida. Sai na tarar da lilo yana nan inda na kafa shi, Duna a ciki. Gashinsa na sheƙi, cikinsa ya yi tulu, babu gyambo ko ɗaya, don ta cusa tsummokara da ƙaiƙayi duk inda buhu ke taɓa fata. A shekarar da mutane ke lasar tukunya, ita dusarta da rabin kununta take ba shi. Amma da na dubi ƙasa sai na ga ɓarna. Akwai rami a ƙarƙashin ƙafafunsa na baya, su biyun suna reto, sirara kamar karan gero. Na gaban ma da ƙyar bakin kofato ke shafar gefen ramin.

Na ce, "Inna, wa ya haƙa ramin nan?"

Ta ce, "Ni ce. Duk sanda ya taka sai ya yi nishi, ni kuwa ba na iya jin nishin nan. Azarar ta fi ƙarfina in ɗaga, shi ne na kwashe ƙasar kaɗan-kaɗan har ya daina."

"Ba ki sa an kwance shi ba?"

"Malam Garba ya so ya kwance. Na ce wanda ya ɗaura shi zai kwance."

"Inna, ai na ce miki kofato ya ji ƙasa."

Ta dube ni da mamaki ta ce, "Yo ai yana ji. Ban taɓa fashi ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo cike da ƙasa. Ta durƙusa, ta yi bismilla, ta ɗaga ƙoƙon ta taɓa shi a kofaton hagu, ta taɓa a na dama, a hankali kamar mai ba jariri ruwa. Ta ce kullum da safe haka take yi. Ta ce ƙasar ma ba ta tsakar gida ba ce, daga gonar take ɗebowa, don ya saba da ita tun yanzu.

Na daɗe a sana'ar nan, na ga ƙashi ya fito ta fata, na ga abin da ba ya faɗuwa. Ban taɓa jin tausayi ya kama ni kamar na wannan safiya ba. Sai na ce ta ba ni fartanya.

Cike ramin ma aiki ne. Ba a sakin dabba irin wannan lokaci ɗaya, sai ta sake karyewa. Na riƙa zuba ƙasa ina dannewa, yau kaɗan gobe kaɗan, ina sassauta igiya. Karayar kam ta kama, har da ƙulli mai kyau. Ranar da na cire buhun, Duna ya zube kamar an zare masa ƙashi. Muka ɗaga shi, ya sake zubewa. Kullum ina zuwa in murza masa cinya da ruwan ɗumi, in tallafe shi da zane mu zagaya rumbu. Kafin a yi girbi ya fara tafiya da kansa. Inna Kande ta yi sadakar ƙosai.

Sai dai bai ƙara girma ba. Sa'o'insa da suka tsira daga yunwa, waɗanda ake ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, da ciyawa ta fito suka miƙe suka zama jakuna. Duna da ya fi su cin abinci yana nan yadda na sauke shi, kai babba, ƙafafu gajeru. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, ya tsumbure.

A cikin haka aka kawo mini Malam Bashir, malamin ilimin halittu a wata makarantar kimiyya da ke yankinmu. Babur ne ya kayar da shi, kafaɗarsa ta goce. Na mayar, ya riƙa zuwa gashi. Wata rana ya tarar Duna a ƙofar zaure ina murza masa ƙafa. Ya tambaye ni watanninsa nawa. Da na gaya masa shekarunsa sai ya cire tabarau ya sake dubawa. Na ba shi labarin lilo da rami da ƙoƙo. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Malam Sani, ka san Turawa suna tura ɓeraye sama a jirgi, can inda babu abin da ke da nauyi?"

Na ce, "Ɓeraye kuma? Sun rasa na aike ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Don su ga abin da zai faru da jiki ne. Suna ba su abinci yadda ya kamata. Amma da suka dawo aka duba, sai aka ga tsoka ta zube, ƙashi ya rage ƙaruwa. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a ɓera ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ita ke zuba wani sinadari a cikin jini, shi ke umartar jiki ya girma. A can sama sai ta rage zubawa, wanda ta zuba ma ƙashin ba ya amsa shi sosai. Kamar dai jikin yana cewa, tunda babu abin ɗauka, ginin me zan yi?"

Na ce, "To Duna ai bai je sama ba."

"Su ma ba kullum suke da jirgi ba. In suna so su gwada a nan ƙasa, sai su rataye ɓeran ta wutsiya, ƙafafun baya su daina taka komai, na gaba kawai ke taɓawa. Abin da suke gani ya yi kama da na can." Ya nuna Duna da haɓa. "Ba zan rantse maka ba, don yunwa da ciwo ma suna tsumbure dabba, kuma jaki ba ɓera ba ne. Amma abin da tsohuwar nan ta yi da fartanya, kusan shi suke yi da gangan."

Na gaya masa maganar mahaifina. Ya maimaita ta a hankali, ya ce lallai ji ne, ƙashi na jin nauyi kamar yadda kunne ke jin kira, in kiran ya ɗauke shi ma sai ya yi shiru. Shi ya ba ni dalilin da na yi shekaru ina aiki da shi ban san shi ba. Na tambaye shi ko ana sayar da sinadarin nan. Ya ce ba don jakin ƙauye ba, kuma ko an samu, akwai guringuntsi a bakin ƙashin yaro inda tsawo ke fitowa, in lokacinsa ya wuce ya ƙafe, shi ke nan. Wannan kam yatsuna sun san shi. Na shafa gwiwar Duna na ji ya riga ya rufe.

Inna Kande ta ji an ce malamin makaranta ya duba jakinta, ta zo ta tsare ni sai na gaya mata abin da ya ce. Na so in kauce, ta ƙi. Na faɗa mata, na fi jaddada zancen yunwa. Ta dubi ƙafafunsa ta ce, "Bar batun yunwa, Sani. Ni na san abin da ya ci. Ashe tausayina ne ya cuce shi."

Duk da haka mun gwada. Da rani ya shigo muka ɗora masa akumari, muka sa mangala da taki ɗan kaɗan a kowane gefe. Ya yi taku kamar zai tafi, sai ƙafafun baya suka lanƙwashe, ya zauna daɓas irin zaman kare. Bai yi kuka ba, ya dai juyo yana kallonta. Malam Garba yana tsaye a wurin, ya kawar da kai. Ta roƙe shi ya ƙara mata damina ɗaya, ya ce ya ƙara.

Daga ranar ta ɗauki kwando. Birni ya yi mata nisa, sai ta riƙa bin jujin unguwa da turakun maƙwabta tana tara toka da kashin awaki, ta ɗora a ka ta kai gona. Duna yana biye da ita a baya, don ya saba duk inda ta sa ƙafa nan yake sawa. Yara suna tsokana wai a gidan Inna Kande jaki ne mai gida. Abin da jaki zai kai a sawu ɗaya, ita sai ta wuni tana kai. Kusurwa ɗaya ta samu taki. Da damina ta yi nisa sauran gonar ta yi jajawur da furen ƙuduji. Bayan girbi dattawa suka zauna, gonar ta koma hannun Malam Garba. Ya bar mata ɗan tsiri a jikin danga, ya ce ta sa kuɓewa da yakuwa, kuma bai taɓa barin ta da yunwa ba. Amma kwandon ba ta ajiye shi ba, wannan tsirin ma sai da taki.

To ku da kuke cewa a hana ƙashi nauyi shi ke nan, ɗori ba cire nauyi ba ne, auna shi ne. In ya yi yawa ya karya, in babu shi jiki ya daina gini. Mutanen nan na cikin wayarku da kuke cewa sun huta, ni in na gan su ramin nan nake tunawa.

Zuwanta na ƙarshe zauren nan, ciwon wuya ne ya kawo ta. Da can sai ta sunkuya take shigowa ƙofar nan, ran nan kuwa ta shigo a miƙe, kanta bai kai ba. Ta sauke kwando a bakin ƙofa, Duna ya tsaya kusa da shi, gashin bakinsa ya fara fari, tsawonsa na nan yadda yake. Na bi ƙashin bayanta da yatsa daga wuya zuwa ƙugu, duk ya danne juna, babu abin da kara da tsumma za su yi masa. Na gasa mata, na shafa mai.

Na ce, "Inna, maganin wuyan nan ɗaya ne. Ki ajiye kwandon nan."

Ta ce, "In ajiye, wa zai ɗauka?"

"Ko Malam Garba ya sa jakinsa ya kai miki. Ba zai ƙi ba."

"Ba zai ƙi ba, na sani." Ta dubi Duna. "Kayan wannan ne. Ni na hana shi, ai dole wani ya ɗauka."

Ta miƙe da ƙyar, ta naɗa gammo ta aza a ka, ta durƙusa a gaban kwandon. Na tsaya ban motsa ba. Ta ɗago ido ta ce, "Ba maɗori ba ne kai? To ɗora mini."

Na kama kwandon da hannu biyu na ɗora mata. Ta bi hanyar gona a hankali, Duna na biye da ita, babu komai a bayansa.